Sharaɗi na Bakwai

Na taho da takardar gida ran Juma'a,
a motar Haɗeja, buhun taki ƙarƙashin ƙafata.
Kwamiti ya ce in duba, in sabunta:
me ɗalibi zai iya da kwamfuta
kafin jami'a ta sallame shi.
Tsohon jerin ya shekara goma sha tara a durowa,
yana nan yana cewa a iya saka faifai mai kusurwa huɗu,
abin da ko 'yan gwangwan sun daina saye.

Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan yayana, a Auyo,
na rubuta: ɗaya, ya iya kunnawa da kashewa.
Dariya ta kama ni. Na soke.

Tsallaken hanya Haladu ne da rumfarsa,
sola biyu a kan kwano,
wayoyi arba'in sun kafa kai a jona
kamar awaki a bakin kwami.
Yana ɓare waya da ɗan tsinke da haƙuri,
ya busa, ya liƙa, matacciya ta farka.
Yaron nan ya faɗi jarrabawar kwamfuta bara.
Na tambaye shi. Ya ce, Kawu, mu goma sha ɗaya ne kan guda,
ranar da layi ya zo kaina aka ɗauke wuta.
Linzamin nan sau biyu na taɓa riƙe shi,
yana zille mini kamar tarwaɗa.

Ban sake rubuta komai ba har la'asar.

Barira, 'yar yayana, aji biyu a sashen noma,
shafi goma sha biyu ta buga da manyan yatsunta
a waya mai tsagaggen gilashi,
ta hau tudun bayan maƙabarta, inda sabis ke leƙowa,
ta ɗaga hannu sama kamar mai neman izinin magana
har aikin ya tafi.
A jerinmu ba ta iya komai ba.
Jerinmu ya ɗauka kowa na da tebur, da kujera,
da wutar da ba ta yaji.

Da dare, kan tuwo, shirun yayana ya yi yawa.
Matarsa ce ta faɗa daga bakin murhu:
bayan girbin shinkafa wani ya kira, murya mai ladabi,
wai daga banki, a karanto masa lambobin kati.
Kuɗin buhu tara suka bi iska kafin kiran isha'i.
Barira na makaranta a lokacin.
Da tana nan, in ji shi,
bai ƙarasa ba. Ya tsame hannu daga miya.

Na kunna fitilar waya, na koma kan takarda.
Na bar musu shidansu, buga rubutu, aika saƙo, adana fayil, da sauransu,
na ƙara na bakwai da fensir:
ya gane ƙarya in ta leƙo ta allo,
ko ta kira shi da sunan yanka,
ko ta rubuta masa aikin aji da Turanci mai santsi
irin na dillalin da bai taɓa ganin saniyar ba.
Kuma in ya zo hutu
ya zauna da wanda ya sayar da shinkafa ya biya masa karatu,
ya nuna masa.

Na san Litinin.
Dakta Ma'aruf zai gyara zaman tabarau
ya ce, wannan kuma ta yaya za a ba shi maki?
Wata za ta ce a kafa ƙaramin kwamiti.
Za a shigo da lemo da cincin.
Ba ni da amsa tukuna.

Da sassafe Haladu ya aiko ƙanensa da wayata, a cike,
ya ƙi karɓar ɗarinsa,
sai saƙo a bakin yaron, yana haki:
wai in za a sake jerin, Kawu,
a fara gwada su da abin da ke hannunsu,
sannan a bar su da linzamin ko na mako guda,
da rana, lokacin da sola ke ci.

Na juya takardar, na rubuta a bayanta
a kan gwiwata, mota na jiran mutum ɗaya.